Makirfon Boya BY-M1 da manhajar CapCut, bayan shekara guda ina ɗaukar hirar dattawa a Jos

Shekara guda ke nan da na fara bin dattawan da suka yi aikin haƙar kuza, ko suka tashi a gidajen masu yinsa, a Bukuru da Gangare da Dilimi, ina ɗaukar hirarsu da waya ina ɗorawa a YouTube. Malamin makaranta ne ni, sai Asabar da Lahadi nake samun sararin wannan aiki. Matasa da dama sun tare ni da tambayar wace kyamara ya kamata su saya kafin su fara, kuma amsar da nake ba su ba ta sauya ba: su riƙe wayar da ke hannunsu, su kashe kuɗinsu na farko a kan makirfo.

Na koyi wannan ne a watan Disamba, tsakiyar hunturu. Jos tana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san yadda iska ke kaɗawa da hantsi. Wani dattijo ya zauna a ƙofar gidansa, ya lulluɓa da bargo, ya yi mini minti 40 yana bayanin yadda ake wanke ƙasa a ruwa har baƙar kuza ta kwanta a gindin kwano. Da na dawo gida na kunna, hoto ya fito tas, har furfurar gemunsa ana ƙirgawa, amma iska da ƙarar Keke Napep sun cinye rabin maganarsa. Na sayi wani ƙaramin makirfo marar igiya, wanda ko sunan kamfani babu a kwalinsa, a wani shago da ke wajen Taminus, shi kuma ya riƙa ɗauke murya duk lokacin da mutum ya juya. Da na koma na ce, "Baba, ku yi haƙuri, sai mun sake," ya amsa da cewa, "Ba komai, ɗana, sai dai abin da na tuna jiya ba lallai ya dawo mini yau ba." Kuma haka aka yi, akwai sunayen wuraren da bai sake ambata ba.

Bayan nan ne na sayi Boya BY-M1, wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Igiyarsa mita 6 ce, tsawon da ya ishe ni in ajiye waya nesa kaɗan, mai magana ya manta da ita ya saki jiki. Yana da maɓalli mai fuska biyu, ɗaya ta kyamara ɗaya ta waya. Idan da waya ake aiki ba ya buƙatar batir, sai an haɗa shi da kyamara ne yake cin ƙaramin batirin nan mai kama da maɓallin riga, LR44. Wannan kaɗai ya sa na fifita shi a kan marasa igiya, domin a garin da ba a san lokacin ɗauke wuta ba, duk abin da ba ya jiran caji ya rage wa mutum tunani. Ina maƙala shi kamar taƙi guda ƙasa da haɓar mai magana, in sa masa ɗan soson da ya zo da shi, in kuma zaunar da mutum ta yadda bango zai tare masa iska. Muryar tana fitowa kusa, da nauyinta, har numfashin da tsoho ke ja kafin ya tuno wani abu ana ji.

Yana da iyakarsa. Yana ɗaukar sauti ta kowace fuska, saboda haka a cikin hayaniyar kasuwa kamar ta Farin Gada ba zai ware murya ɗaya daga sauran ba. Kansa irin na abin sauraro ne mai milimita 3.5, kuma sababbin wayoyi da yawa ba su da wannan rami, sai an nemi mahaɗi na USB-C. Akwai wayoyin da manhajar kyamararsu ba ta karɓar makirfon waje. Mai Android zai iya sauke manhajar kyamara ta Open Camera kyauta, ya zaɓi makirfon da kansa. Jabunsa sun yi yawa a kasuwa, don haka kada a biya sai an gwada a gaban mai shago: a yi ɗauka, a ɗan ƙwanƙwasa kan makirfon da yatsa, a saurara a ji ko shi ne ke aiki ko na cikin waya.

Sauran kayan ɗauka ba su buƙatar dogon bayani. Sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya ta wadatar, haske kuwa na safe ko na la'asar ya fi duk fitilar da na gwada, muddin rana tana bayan mai ɗauka.

Wajen tacewa, CapCut nake amfani da ita, manhajar kamfanin ByteDance mai TikTok. Abin da ya riƙe ni a kanta shi ne tana aiki a waya mai matsakaicin ƙarfi, kuma yanka, da haɗawa, da ɗaga murya, da sa rubutu a ƙasan hoto duk ana yinsu ba tare da biyan ko sisi ba. Tambarin da take liƙawa a ƙarshen bidiyo ma ana iya goge shi. Wasu kayan ado da gyare-gyare suna ɗauke da alamar Pro, waɗanda sai an biya kuɗin wata, kuma a irin aikina ban taɓa jin rashinsu ba. Ga gajeren bidiyo na tsaye, irin na TikTok ko Shorts wanda YouTube ta ƙara masa tsawo zuwa minti 3 a shekarar 2024, ban ga abin da ya fi ta sauƙin koyo ba.

Akwai abin da mai rubutu da Hausa ya kamata ya kula da shi a kowace manhajar tacewa, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutu da yawa an ƙirƙire su babu ɓ da ɗ da ƙ, sai a ga harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ya zama akwati. Wasu kan haƙura su rubuta ba lanƙwasa, ni kuwa ba na yarda, domin bari dabam ɓari dabam, kuma dattijon da ya ba ni tarihinsa ya cancanci a rubuta maganarsa daidai. Salon rubutun Noto Sans na Google da na Andika duk suna da haruffan, kyauta ne, ana iya shigar da su cikin manhajar. Batun kiɗa kuma, YouTube tana da tsarin da ke gano waƙar da ke da mai ita, saboda haka ya fi aminci a ɗauko daga rumbun sautinta na kyauta.

Hira mai tsawon rabin sa'a tana gajiyar da waya, ta yi zafi, ma'ajiyarta ta cika. A nan ne kwamfuta ke shigowa. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da nau'in kyauta mai ƙarfin gaske wajen gyaran launi da sauti, sai dai tana son RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, gigabait 16 da katin hoto mai kyau, ba ta dace da ƙaramar kwamfutar ofis ba. Mai gigabait 8 ya fi samun kwanciyar hankali da Shotcut ko Kdenlive, ko CapCut ɗin ta kwamfuta. Wanda zai sayi kwamfutar da aka yi amfani da ita, a Ahmadu Bello Way ta Jos ko a Banex ta Abuja, ya nace a kan ma'ajiya mai sauri ta SSD, da injin sarrafa aiki na Core i5 zubi na 8 ko sama, tunda daga nan Windows 11 ta fara karɓa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata a watan Oktoban 2025. Ya kuma zare caja a cikin shagon ya ga tsawon lokacin da batir zai riƙe.

Ɗorawa ita ce mai cin kuɗi a ɓoye, musamman tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a farkon 2025. YouTube ta ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyo na yau da kullum mai kaifin hoto na 1080p, wato minti 10 zai kai megabait 600, yayin da 4K, wanda ya fi shi kaifin hoto, mai wannan tsawo zai doshi gigabait 3. Masu kallona kusan dukkansu a waya suke, ba za su ga bambancin ba, shi ya sa nake fitar da komai a 1080p cikin tsarin MP4. Sabon asusu ba ya karɓar abin da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya, gara a yi hakan tun kafin ranar ɗorawa. Idan iyalan dattijo sun nemi nasu kwafin ta WhatsApp, ina tura shi a matsayin takarda, wato Document, wadda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da an matse hoton ba, sannan in adana asalin hirar a ma'ajiyar waje kafin in share ta daga waya.