Jama'a ku yi hattara da masu tallan taya da rim a waya, ni dai an yi min

Wallahi tun ranar Asabar nake son rubuta wannan abu ina fasawa saboda kunya. Ni da na shekara 19 ina riƙe da sitiyari, ni da yara suke zuwa su tambaye ni shawara in za su sayi kayan mota, wai ni aka zauna aka tsara aka karɓe wa naira 358,000. Dubu ɗari uku da hamsin da takwas fa, kuɗin riɗin mutane da na guminmu, ba tsintarsu na yi ba.

Motata tsohuwar Hilux ce ƙirar 1996, mai dizal mai fowil, da ita nake ɗauko riɗi da gero daga ƙauyukan wajen Gumel, wani lokaci in kai har Dawanau. Rim biyu sun lanƙwashe saboda ramuka, kullum da safe sai na tsaya wajen mai faci an ƙara iska, in ka kai 80 kuma sitiyari ya dinga rawa kamar mai jin sanyi. Tayoyin ma sun cinye. Na je na tambayi sababbi, kuɗin da aka faɗa min na taya huɗu kawai ya sa na juyo ko sallama ban yi ba. To shi ne na ga tallan wani mutum a Facebook, rim huɗu da taya huɗu 'yan Beljiyam, 340,000 gaba ɗaya, wai daga jikin mota ɗaya aka cire su, ba su yi wata shida a ƙasa ba.

Kuma kar wani ya zo ya ce min kwaɗayin arha ne ya ja ni, don ba garaje na yi ba. Na tambaye shi size, ya ce 205R16C, irin wadda ke kan motata. Na ce mai C ce ta ɗaukar kaya ko ta ƙaramar mota, ya ce Alhaji mai fulai takwas ce, wato mai ƙwarin ɗaukar kaya, ga 8PR a jiki, ya turo hoto. Na ce rim ɗin rami nawa, ya ce shida. Na ce a yi min bidiyo, aka yi, har yaronsa yana mirgina tayar a gaban shago ana jin ƙarar janareta da hayaniyar kasuwa. Me kuma ya rage mutum ya tambaya? Ku faɗa min.

Abin da ya kashe min jiki, wanda har yanzu in na kwanta yake dawo min a kunne, shi ne wannan. A cikin bidiyon akwai wata taya ta biyar a jingine, na ce ya haɗa min da ita ta zama safaya. Sai ya ce, "A'a Alhaji, wannan ba zan sayar maka ba, gefenta ya tsage, kai mai ɗaukar kaya ne, in wani abu ya same ka a hanya me zan gaya wa Allah?" Haka ya ce wallahi. Me zan gaya wa Allah. Mutum ya ƙi karɓar kuɗinka da kansa, ya ce kayan ba su da kyau, kai waye da ba za ka yarda da shi ba? A nan na saki jiki. Har na juya na ce wa ƙanena da ke zaune kusa da ni, ka ji ɗan halak, irinsu sun yi ƙaranci yanzu. Ɗan halak! Ni na faɗa da bakina, kuma yaron nan bai manta ba, jiya ma da muka haɗu kallona kawai ya yi ya sunkuyar da kai.

Au, na manta, kafin wannan ma shi ne fa ya koya min duba shekarar taya. Da can ni dai in na ga zane da zurfi shi ke nan. Ya ce in duba gefen taya inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ya matso da kyamara ya nuna min 1823, ya ce ka gani, sati na 18 na 2023, ko 'yan Road Safety suka tare ka da maganarsu ta kar taya ta wuce shekara huɗu ba abin da za su ce. Kuma gaskiya ya faɗa, haka ake karantawa, na tabbatar daga baya wajen mai facinmu. Ɓarawo ya koya maka yadda ake gane ɓarawo, wannan wane irin rashin imani ne.

Na tura 200,000 ranar Talata. A'a, Litinin da daddare ne, bayan isha'i, don na tuna ya ce bari ya idar da sallah ya duba alat. Talata ce ya turo hoton kayan an ɗaure su da igiya a tasha, ya ce direba ba zai ɗora ba sai an cika, na je wajen mai POS na tura 140,000. Can da yamma ya sake kira wai kuɗin mota da na 'yan dako 18,000, ba ya cikin lissafi, na ɗan yi ƙorafi ya ce Alhaji in ka ga da takura bar shi ni zan biya daga aljihuna, sai kunya ta kama ni na tura. 200 da 140 da 18, 358,000 ke nan cif. Kuma sunan da ke kan akawun ɗin ba shi ne sunan da yake amsawa ba, na lura da haka tun ranar farko, na tambaya ya ce na ƙaninsa ne nasa yana da matsala. Wannan kam na yarda laifina ne, amma mutum nawa ne a cikinku ba su taɓa tura kuɗi akawun ɗin yaron shago ba?

Da a ce kayan ba su zo ba ma da ya fi min sauƙi, in san an sace kawai in haƙura. Sun zo fa. An naɗe su da leda baƙa, tayoyin suna ƙyalli an shafe su da mai kamar takalmin ango, na ɗauka da murna na kai wajen mai faci, mutane suna taya ni murna. Aka ɗaga mota da jak aka cire ƙafar gaba, yaro ya ɗauko rim zai saka, ya juya ya juya, ya ƙi shiga. Rami shida ne ƙwarai, ban ce ya yi ƙarya a nan ba, amma ramukan ba su hau kan kusoshin ba ko kaɗan. Sai bakanike na gefe ya taso ya duba ya yi dariya ya ce Alhaji wannan ai na Navara ne. Ashe ba duk rami shida ne ɗaya ba, na Hilux faɗin da'irar ramukansa milimita 139.7 ne, na wannan Navara ɗin 114.3, ko za ka kwana kana juyawa ba zai zauna ba. Shekara 19 ban taɓa sanin haka ba don ban taɓa sayen rim ban gwada shi a jikin mota ba sai wannan karon.

Tayoyin kuma, hmm. Malam mai faci ya sa tsumma da fetur ya goge gefen ɗaya, wajen lambar nan huɗu an goge shi da sanfefa ya yi sumul. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu ce suka yi sakaci, lambar tana ta ɓangaren ciki, 0914. Ta 2014 ce. Taya ta haura shekara goma. Ya sa farce cikin zanen ya ce min ka ga nan, wannan ba zanen kamfani ba ne, sassaƙa shi aka yi da ƙarfe mai zafi don ya yi zurfi, duba yadda layin yake karkacewa, a wani wajen har waya ta kusa lekowa. Da ya matse gefen da hannu sai ga ƙananan tsaga birjik kamar kaushin ƙafa, man da aka shafa ne ya rufe su. Biyu daga ciki ma ba C a jikinsu, kuma ba kamfani ɗaya ba ne, su da aka ce daga mota ɗaya aka ciro. Waɗanda na gani a bidiyo daban, waɗanda aka turo daban.

Nan take na kira, ya ɗauka fa, har da sallamarsa. Ya ce innalillahi, yaro ne ya yi kuskure ya ɗora kayan wani kwastoma, in yi haƙuri gobe za a canza, har yana zagin yaron ina ji. Na sake yarda! Gobe ta yi waya a kashe, jibi na ga hotonsa ya ɓace a WhatsApp, shafin tallan ma babu shi. Na sa abokina da ke Kano ya je layin da mutumin ya kwatanta min cewa nan shagonsa yake, ya zagaya ya nuna bidiyon, aka gane shagon, mai shagon wani dattijo ne ya ce shi bai san wannan suna ba, mutane da yawa suna zuwa su ɗauki bidiyon kaya su ce za su nuna wa mai saye. Ka ji fa. Kayan wani ya nuna min, shagon wani, janaretan wani.

Ga abin da ban gaya wa kowa a gida ba sai yanzu. Saboda baƙin cikin kuɗina, na ce a cire biyu masu dama-dama a sa min a tsofaffin rim ɗina na baya, mai faci ya ce Alhaji kar ka yi, na ce sa kawai. Kwana uku suka yi. Na ɗauko riɗi buhu 12 da rana tsaka kwalta ta yi zafi, sai ji na yi fam kamar bindiga, mota ta ja gefe, Allah ya sa ba gudu nake ba kuma ba mota a gabana. Zanen tayar ya ɓare gaba ɗaya ya naɗe, ya fasa min fitilar baya. Yaron motata yana bisa kaya. Da ya faɗo fa? Shi wancan da ya ce me zai gaya wa Allah, yana can yana cin 358,000 ɗina.

Wani ya ce min ai da ka je kasuwa da kanka. Eh na sani. Lokacin kaka ne, kwana ɗaya in na ajiye mota an ba wani lodina, lissafin da na yi ke nan, kuma ko kai ne aka ce maka ba za a sayar maka da taya mai tsaga ba saboda tsoron Allah, wallahi sai ka tura.

Ku dai kar ku biya kuɗin rim sai an ɗaura shi a motarku kun ga noti ya hau, taya kuma ku duba lambar da idonku, in an goge ku bar ta ko kyauta ce, in sunan akawun ya bambanta ku tsaya.

Na kai rahoto banki da wajen 'yan sanda, an ce in kawo shaidar tura kuɗin, na kai. Sikirinshot ɗin hirarmu duka suna nan, da rasit uku, da muryarsa inda yake maganar taya ta biyar, zan ɗora su da zarar ƙanena ya rufe min lambobin da bai kamata a gani ba, don kar a je a damu dattijon nan mai shago da ba ruwansa. Rim huɗu na Navara kuma suna nan jingine a zaure, uwargida tana ta tambaya na waye. Mai Navara da ke buƙata ya zo da motarsa a gwada a gabansa. Ni dai ban yafe ba, 358,000, Allah ya isa.