Faifai ko Saukewa: Wanne Ya Fi Amana a Saye da Lissafi?

Ɗan'uwa, tambayarka ta jiya kashi biyu ce. Ka ce hankalinka bai kwanta da sayen gem, wato wasan bidiyo, ta intanet ba, musamman masu dogon labari da mutum ke shiga rigar jarumi ya raine shi tun daga tushe, don kana ganin cinikin biri a sama ne. Ka kuma ce ba ka yarda da miliyoyin da kamfanoni ke cewa sun sayar ba, tunda babu wanda ya tsaya ya ƙirga. Ni a ganina jijiyarsu ɗaya, shi ya sa zan ajiye faifai a gefe guda, saukewa a ɗaya gefen, mu auna su tare.

Mu fara da aljihunka. Wanda ya sayi faifai ya riƙe abu a hannu. Yana iya ba da aro, ya sayar in ya gama, ko ya ajiye shekara goma ya dawo ya tarar da shi. Wanda ya saya ta Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, ko shagon PlayStation na kamfanin Sony kuwa, izinin bugawa ya biya wa kuɗi, kuma izinin a ɗaure yake da asusunsa. Ba zargi nake yi ba: tun Oktoban 2024 Steam da kansa yake rubuta wa mai saye cewa lasisi yake karɓa, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta bayyana haka. A Maris 2023 Nintendo ta rufe saye a shagon intanet na na'urorinta 3DS da Wii U, wasannin da ba su taɓa fitowa a faifai ko kaset ba suka zama babu inda za ka saye su sabbi. A nan tsoronka yana kan hanya.

Inda nake ganin ka wuce gona da iri shi ne batun a cinye maka kuɗi. Manyan shagunan nan ba su ne masu gudu da kuɗin mutane ba. Haɗarin yana wajen 'yan tsakiya masu sayar da lambar buɗe gem da araha, domin wasu lambobin da katin banki na sata aka saye su, kuma ranar da asiri ya tonu ana iya soke lambar, kai ka tashi a tutar babu. Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga fiye da awa 2 ba. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, awa biyu ba komai ba ce a irin waɗannan wasanni. Kafin ka gama zaɓen fuskar jaruminka da kallon gabatarwa lokacin ya tafi, alhali labarin na iya cin awa 80. Sony ma ya fi tsauri, domin da zarar ka fara saukewa ƙofar ta rufe, sai in gem ɗin na da lahani.

Gem ɗin Cyberpunk 2077 ya nuna fuskokin biyu lokaci guda. Mutane sun ba da kafin alƙalami na kwafi har miliyan 8 kafin ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, kusan kashi uku cikin huɗu ta intanet. Da ya fito cike da matsaloli a PlayStation 4, Sony ya cire shi daga shagonsa, ya mayar wa masu so kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Masu faifai kuwa sai da suka koma neman shagon da ya sayar musu. Ka ga a wannan karon faifai bai tsare kowa ba. Abin da ya cuci mutane shi ne biya kafin gani.

Yanzu lissafi, wanda nan ne zancen ya fi tsawo. A zamanin faifai akwai masu ƙirga da ba ma'aikatan kamfanin ba. Mujallar Famitsu a Japan tana tattara cinikin shaguna duk mako, a Amurka kuma akwai NPD, wadda yanzu ake kira Circana. Da saye ya koma intanet, littafin ciniki ya koma hannun mai shagon da mai gem ɗin, na waje ba ya ganin sai abin da aka ga damar nuna masa. Ko shafin Steam Spy, da ke ƙiyasin ciniki daga bayanan 'yan wasa, ƙarfinsa ya karye a Afrilun 2018 lokacin da Valve, kamfanin da ke da Steam, ta ɓoye jerin wasannin mutane.

Amma kar ka ɗauka lissafin faifai wankakke ne. Yana da nasa rami biyu. Na farko, kamfani kan faɗi adadin da ya tura wa 'yan sari, ba wanda ya shiga gidajen mutane ba, kuma kayan da suka yi kwantai a kanta suna cikin wannan adadi. Na biyu, yau rabin labari yake bayarwa. Final Fantasy XV ya sayar da faifai wajen 700,000 a makonsa na farko a Japan a 2016, Final Fantasy XVI kuma wajen 336,000 a 2023. Mai kallon wannan kawai zai ce kasuwa ta rushe, alhali ba a sa na saukewa ba. Shi Square Enix, kamfanin da ya yi shi, cewa ya yi Final Fantasy XVI ya kai miliyan 3 a duniya cikin mako guda, ya haɗa abin da aka tura shaguna da abin da aka sauke. Duk maganganun biyu gaskiya ne, abin da kowanne ya ƙirga ne daban.

Ban yarda cewa ƙaga lambobin suke yi ba. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari, in ya yi wa masu hannun jari ƙarya, kotu ke jiransa. Dabararsu tana wajen zaɓen kalmar da za ta raka lambar. Bethesda ta ce Starfield ya samu 'yan wasa miliyan 10 a Satumban 2023, amma tun ranar farko yana cikin Game Pass, tsarin hayar gem, inda mai biyan kuɗin wata zai buɗe shi minti goma ya shiga lissafi. EA ta ce mutum wajen miliyan 1.5 ne suka taɓa Dragon Age: The Veilguard, ta kuma amsa cewa kusan rabin abin da ta sa rai ke nan. Kwatanta da CD Projekt, mai Cyberpunk, da ta ce ta sayar da Cyberpunk sama da miliyan 13 zuwa 20 ga Disamba 2020 bayan ta cire waɗanda aka mayar. Wannan ta ƙarshe ita ce irin maganar da nake girmamawa, duk da laifin da suka yi wajen fitar da gem ɗin bai nuna ba.

Akwai lamba ɗaya da kowa ke iya gani da idonsa, wato yawan masu bugawa lokaci guda a Steam. Baldur's Gate 3 ya haura 875,000 a Agustan 2023. Ba adadin ciniki ba ne, kuma bai shafi masu na'urar gem ba, amma ba daga bakin mai talla ya fito ba.

Da ni ne kai, gem ɗin da na san zan so in koma masa bayan shekaru, faifansa zan nema, tare da sanin cewa da yawansu sai an sauke gyara a ranar farko. Sauran kuma in saya a shagon asali, da katin kyauta na shagon in ba na son sa katin bankina, bayan na jira mako biyu na ji bakin waɗanda suka wuce awa talatin a ciki.