Tagwayen Hotuna: Abin da Za Ka Auna Kafin Ka Saya

Tun a shekarar 1838 Charles Wheatstone, wani masanin kimiyya na Ingila, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, ƙwaƙwalwa takan haɗe su ta ga abu da tudu da kwari, kamar a miƙa hannu a taɓa. Shi da na'ura mai madubai ya yi aikinsa, amma ido tsirara ma yana iyawa idan ya samu horo.

Kafin ka fitar da kuɗi ka sayi irin waɗannan tagwayen hotuna, ka san cewa hanyoyin kallon biyu ne. A kallon nesa, mutum yakan saki idanunsa kamar mai hangen wani abu can bayan takarda, har idon dama ya ɗauki hoton dama, na hagu ya ɗauki na hagu. A kallon gicciye kuwa, yakan tsayar da yatsa tsakanin fuskarsa da hotunan ya zuba masa ido, sai idon dama ya ɗauki hoton hagu. Kowacce aka bi, hoto na uku yakan bayyana a tsakiya, kuma shi ne mai zurfin. Kowane tagwayen hoto an jera shi ne don hanya ɗaya. Idan ka kalle shi ta ɗayar, tudu zai koma kwari. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa wace hanya aka yi wa jerin.

Tsofaffin katuna masu ɗauke da tagwayen hotuna su suka fi jan hankali, kuma a ganina su ne mafi rashin dacewa da mai farawa. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon baligi ba ta cika wuce milimita 63 da yawa ba, alhali a irin katunan da aka yi wa na'urar kallo ta hannu ta Oliver Wendell Holmes, wani likita kuma marubuci na Amurka, wadda ta fito a 1861, tsakiyar hoto zuwa tsakiyar ɗan'uwansa takan kai wajen milimita 75. Gilasan na'urar ne ke cike wannan giɓi, domin ido ba ya son buɗewa waje fiye da yadda yake yi wajen hangen nesa. Wanda ya ƙwallafa rai a kansu, ya haɗa da na'urar.

Littattafan ɓoyayyun hotuna, wato masu ɓoye siffa a cikin zane mai maimaituwa, waɗanda suka samo asali daga aikin masu binciken gani Bela Julesz da kuma na Christopher Tyler a 1979, sun fi sauƙi, tunda zanen da ke maimaituwa a cikinsu kusa yake da juna, kuma galibinsu don kallon nesa aka yi su. Aibinsu shi ne ba ka da abin da za ka kama har sai siffar ta fito, ga shi siffofin kan zo ba launi nasu na kansu.

Ni dai na fi ba da shawarar a fara da waya. Ƙanƙantar fuskarta ta dace da kallon nesa, faɗin fuskar kwamfuta kuma ya dace da kallon gicciye, wanda girman hoto ba ya takura shi. Kana ma iya yin naka: ɗauki hoton abin da ba ya motsi, ka gusa gefe kamar santimita 6 ba tare da karkatar da wayar ba, ka sake ɗauka, sannan ka jera su. Idan ka gano hanyar da idanunka suka fi karɓa, sai ka sayi abin da aka buga dominta.

Wanda idonsa ɗaya ya karkace, ko ya yi rauni tun ƙuruciya, zai iya kasa ganin zurfin kome ƙoƙarinsa, kuma likitan ido yana da gwajin da zai tabbatar da hakan kafin a sayi komai. Sauran masu koyo kuma su riƙa yin 'yan mintoci suna hutawa, su dakata da zarar kai ya fara ciwo.