Tambarin cika shekara a jikin Corvette da Mustang: yadda ake harkarsa a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu harkar motoci a Kano da Kaduna da Abuja, da masu saro ta Kwatano.

Cikin motocin da ake saye a gwanjon Copart da IAA a nan Amurka ana lodawa zuwa gida, akan samu motocin tsere jefi-jefi, Mustang ta fi yawa, Corvette kaɗan. Wasu suna zuwa da tambarin cika shekara a bonet ko a gefe, dillali ya nuna shi da yatsa ya ƙara kuɗi. Wasu kuma masu motar ne da kansu suke son a aika musu tambarin su maƙala don ado. Duka biyun suna bukatar sanin yadda abin yake a inda aka ƙera motar, domin a nan tambari kaya ne da kowa zai iya saye da katin banki, kuma ba shi ake dubawa ba idan ana son sanin asalin mota.

Corvette ta fara fita a 1953, guda 300 kacal, dukkansu farare. Tun daga nan kamfanin Chevrolet yake fitar da ta tunawa idan shekaru sun cika, amma iri biyu ne, kuma a nan mutane suke ruɗewa. A 1978, da ta cika 25, duk Corvette ɗin da aka ƙera a shekarar tana ɗauke da tambarin, amma masu fenti biyu, ruwan azurfa a sama da ruwan toka a ƙasa, su ne na musamman, lambar odarsu B2Z. A 1988 aka yi ta shekara 35 mai lambar Z01, guda 2,050, fara har ƙafafu da kujeru, kuma duk masu rufi mai tauri ne, ba wanda ake naɗewa ba. Saboda haka duk wanda ya nuna maka Corvette ta 1988 mai rufin da ake naɗewa ya ce ta shekara 35 ce, maganar ta mutu tun kafin a buɗe ƙofa. Ta shekara 40 a 1993 lambarta Z25, ja ce mai duhu da suke kira Ruby Red ciki da waje, guda 6,749. A 2003 aka koma irin na 1978: kowace mota ta shekarar tana da tambarin 50 a gaba da baya, har da Z06, samfurin Corvette mai ƙarin ƙarfi, wadda ba a yi mata cikakken tsarin cika shekarar ba. Cikakken shi ne mai lambar 1SC, ja mai ƙyalli, ciki ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, da ƙarin tambari a gefe. Haka a 2013, tambarin 60 yana kan kowace, amma farar mai shuɗin ciki ita ce Z25. Ta 2023 mai shekara 70 lambarta Y70.

Ford ma haka take yi. Kusan duk Mustang ta 2004 tana da bajon shekara 40 a gefe. A 2015 an yi ta musamman guda 1,964, don tunawa da shekarar da motar ta fara fita, kala biyu kawai, fari da shuɗi, kowace da lambarta a kan dashbod. A gefe guda kuma akwai tsarin ado na shekara 50 da aka sayar da yawa, shi ma da tamburansa. Tazarar farashin su biyun ba kaɗan ba ce, amma a hoton waya kusan ɗaya suke.

To yaya ake tantancewa? Motocin General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, suna da farar takarda manne mai jerin lambobi masu harafi uku-uku, kowace lamba tana nufin wani abu da aka sa wa motar a masana'anta. A wasu Corvette tana cikin akwatin gaban fasinja, a wasu ƙarƙashin murfin akwatin tsakiya ko na baya. Daga 2018 aka mayar da ita lambar QR a takardar jikin ƙofar direba. A saman takardar akwai lambar VIN, wato lambar shasin mota mai harafi 17, dole ta yi daidai da ta ƙasan gilashin gaba, domin murfin akwati abu ne da ake cirowa daga wata mota. Wanda yake son ƙarin tabbaci, gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, garin da ake haɗa motar tun 1981, yana sayar da kwafin takardar ƙira ta motocin da aka haɗa a can idan an ba shi VIN. Masu Ford suna da rahoton Marti mai irin wannan aiki. Wannan hidimar ita ce babban abin da suke da shi mu ba mu da shi. A gida shaidar mota bakin dillali ce da idon bakanike, shi ya sa wanda ya sauya wa Lexus fitilu da bamba ya mayar da tsohuwa sabon yayi, ko ya liƙa tambarin AMG, na samfurin Marsandi mai ƙarin ƙarfi, a bayan Marsandi ta gama-gari, yake iya cin kasuwarsa. A nan ma ana yi, amma mai saye yana da inda zai kai ƙara da takarda a hannu.

Ni a ganina babu laifi mutum ya sa wa motarsa tambarin da ya ba shi sha'awa. Motarsa ce, kuɗinsa ne, kuma a taron masu Corvette da ake yi duk watan Agusta a Carlisle ta jihar Pennsylvania za ka ga irin waɗannan da yawa, masu su suna faɗa da bakinsu cewa kwaikwayo ne. Laifin yana ranar sayarwa, idan aka yi shiru aka bar tambarin ya yi ƙarya. Wannan ha'inci ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mota ba.

Kayan kansu hawa-hawa ne. Akwai na kamfani da ake samu a wurin dilan Chevrolet ko Ford, a ba da VIN ko lambar kayan, idan har ba a daina yin sa ba. Akwai tsohon ajiya, wato na asali da ba a taɓa sa wa mota ba, yana nan cikin ledarsa shekara talatin. Shi ya fi tsada, kuma gam ɗin bayansa sau da yawa ya mutu, sai an kankare an sa sabo. Akwai wanda wasu kamfanoni suke yi da izinin General Motors, kwalinsa da hatimin izinin, ana samu a shaguna irin su Corvette Central da Zip da Eckler's, ga masu Mustang kuma CJ Pony Parts da LMR. Sai na ƙarshe, wanda ya cika eBay da Amazon, babu izini babu lamba. Araha ba ta ado. Roba ce aka shafa mata ruwan ƙarfe siriri, jan tutar da ke jikin tambarin Corvette ba ya kai na asali, haruffan sun fi kauri, kuma bayansa a miƙe yake alhali hancin motar a lanƙwashe yake, sai gefuna su tsaya a iska. Mai ruwan gam mai ƙyalli a sama kuwa rana tana mayar da shi rawaya. Idan ranar Texas tana yi masa haka, sai a ƙiyasta ta Sakkwato.

Akwai kuma filayen matattun motoci, inda za ka biya kuɗin shiga kaɗan ka je da sukundirebarka ka ciro abin da kake so. Kamar Panteka ne ko Ƙofar Ruwa, sai dai babu ciniki kuma babu yaron shago da zai ruga ya nemo maka. Corvette ba kasafai take faɗawa irin waɗannan ba, masu sayen ta musamman suna kwashe ta tun a gwanjo.

Kafin a yi oda a duba abu biyu. Na farko zamanin motar: tambarin 2003 an yi shi ne daidai lanƙwasar hancin motocin 1997 zuwa 2004, ba zai kwanta a kan ta 1993 ba. Na biyu yadda yake kamawa. Na shekarun 1970 ƙarfe ne mai ƙafafu a baya da suke shiga rami a ɗaure su da ƙananan noti ta ciki. Na baya-bayan nan tef ne mai gam fuska biyu, wani lokaci da 'yan ƙafafun roba na saiti. Idan sabon yana da ƙafafu motarka ba ta da rami, a yanke ƙafafun a goge wurin ya yi sumul. Kada a huda bodi. Jikin Corvette ba ƙarfe ba ne, haɗin zaren gilashi da roba ne, idan ya tsage daga bakin rami fanabitan da ya saba da guduma ba shi da abin yi masa.

Wajen cire tsohon, kafin a taɓa komai a kewaye shi da tef ɗin masu fenti ta sama da gefe ɗaya, daf da bakinsa, a ja layin tsakiya da fensir a kan tef ɗin. Shi ne ma'aunin da za a ɗora sabon. A ɗumama da na'urar busar da gashi har wurin ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa. Bindigar zafi ta masu fenti tana da haɗari a nan, tana kumbura fenti tana lanƙwasa bamba cikin daƙiƙu. Sai a ɗauki zaren fatsa kamar tsawon kamu ɗaya, a zura ta bayan tambarin a riƙa ja hagu da dama kamar zarto, zaren yana jingine da tambarin, ba da fentin ba. Idan ya tsaya cak, ƙafar saiti ya tarar, a zagayo ta ɗaya gefen. Sukundireba ko wuƙa ko reza ba su da aiki a wannan wuri. Ragowar gam a murza shi da babban yatsa ya naɗe, abin da ya rage a sa maganin cire gam na mota. Faifan robar da ake ɗaura wa injin huda yana sauri a kan ƙarfe, amma a kan bamba da jikin Corvette zafinsa yana ƙona fenti.

Abin da ya fi kayar da tambari shi ne rashin tsabtar wurin. A gida an saba da fetur ko kananzir ko tina. Fetur da kananzir suna barin maiƙo, tina kuma tana cin ruwan sheƙin da ke saman fenti. A wanke da sabulu, a bushe, sannan a goge da sinadarin isopropyl da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, da tsumma mai tsabta, shafa ɗaya a juya tsumman. Idan an taɓa shafa wa motar man sheƙi ko rufin siramik, dole a cire shi daga wurin, domin an yi shi ne don kada komai ya kama. Bayan nan yatsa kada ya sake sauka a wurin, ko a kan gam ɗin.

Tef irin na kamfanin 3M ya fi kamawa tsakanin digiri 21 da 38 a ma'aunin Celsius. A Michigan lokacin sanyi sai an shiga gareji mai ɗumi, mu kuma a gida matsalar akasin haka ce: motar da ta yini a rana jikinta ya wuce wannan nesa, gam ɗin zai cafke tun kafin a daidaita. A yi aikin da safe a inuwa, cikin hunturu kuma a rufaffen wuri, domin ƙurar da za ta sauka tsakanin gogewa da mannawa ta isa ta ɓata shi. A gwada zaman tambarin tukuna ba a ɓare bayansa ba, a ja baya taku biyar a duba. In ya yi, a ɓare, a sauke gefe ɗaya daidai layin tef, a kwantar da sauran, a danne da tafin hannu ta kan tsumma kamar minti ɗaya, har gefuna da wutsiyoyin tutar. Dama ɗaya ce; wanda aka ɗaga aka sake mannawa ba ya daɗewa. Gam ɗin yana kai kusan rabin ƙarfinsa cikin minti 20, cikakke sai bayan awa 72, don haka kwana uku babu wanki, kuma ko bayan nan a gaya wa masu wankin mota kada su saita bakin ruwan matsi a gefensa.

Sufa gulu fa? A bar shi. Yana bushewa ya yi tauri, jikin mota kuma yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, sai ya ɓalle ya tafi da fenti, ga farin hazo da yake bari a kewaye.

Wata matsalar da ba a tunawa da ita sai an cire tsohon ita ce inuwarsa. Fentin ƙarƙashinsa bai sha rana ba, sai siffarsa ta fito ɓaro-ɓaro, musamman a jan fenti. Goge da man sulɓi yana rage ta, amma idan sabon tambarin ya fi tsohon ƙanƙanta a tsohuwar mota, za a ga zoben. Kuma ga masu Toyota da Marsandi na zamani da suke sha'awar sauya tambarin gaba: a yawancinsu na'urar da take auna tazarar motar gabanka tana bayan tambarin ne, idan aka sa wanda ba nata ba sai fitilar gargaɗi ta kama, birkin gaggawa ya daina aiki daidai.

Ta fuskar aikin hannu kuwa gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A nan gareji da awa yake caji, aikin minti talatin ma sai an ba ka rana, shi ya sa yawancin masu irin motocin nan suke yi da kansu ranar Asabar. Masu fentinmu da fanabitocinmu suna da hannu da haƙurin da ba a samu a nan da arha. Abin da suke rasa shi ne tef na gaske da ma'auni, sai su dogara da ido. Wanda zai yi wa ɗan uwansa aike, ya haɗa da naɗi ɗaya na tef ɗin tambari na 3M da na masu fenti, ya bar tambarin cikin kwalinsa kada a danne shi a jaka, ya kuma auna tazarar tambarin gefe daga bakin ƙofa da bakin taya a jikin mota ta asali ya rubuta da milimita, tunda motar da ba ta zo da shi ba babu alamar da za a bi.