Robin kamfawun ko folish: wanne za a sa wa ƙarfe?

Masu motoci a Apo, Abuja, sun sha yin wannan tambayar. Dukansu mai ne da aka cakuɗa da garin dutse, galibi alminiyam oksayid. Bambancin a girman ƙwayar yake.

Robin ƙwayarsa manya ne, cin ƙarfen yake yi har fuskar ta sauko daidai da zurfin karcewar. Baƙin da ke fitowa a tsumma, ƙarfen ne da kansa. Karcewar da farce ke maƙalewa a ciki ta fi ƙarfinsa: sai an fara da samfefa mai lamba 800, a hau 1500, sannan 2000, da ruwa.

Folish ƙyalli kawai yake fitarwa, ba ya cike rami.

Haɗarin yana wajen robin. A kan kurom, wato farin rufin nan mai sheƙi da ake yi wa ƙarfe, kada ma a soma, rufin siriri ne, yana cinyewa. In da inji ne kuma aka tsaya wuri ɗaya, man ya ƙone ya bar tabo. A wanke ƙurar hunturu tukuna, ita ma karcewa take.

Mai rim ɗin alminiyam da ya dusashe, robin sannan folish. Mai kurom ko ƙarfe mai lafiya, folish ya ishe shi.