Gasar harbi da dare a Maradi: fili mai fitilu ko harbin duhu da tocila?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: ƙungiyarsu ta masu wasan harbi tana son mayar da gasarta dare saboda zafin Afrilu da Mayu, to wanne ya fi, a haske filin gaba ɗaya, ko a yi irin wadda yake gani a bidiyon Amurka, kowa da tocilarsa cikin duhu? Malam, dalilinka mai ƙarfi ne, don wanda ya tsaya a ranar Maradi zafi ya haura digiri 40, gumi na shiga ido, ba zai riƙe saiti ba. Sai dai waɗannan biyun wasanni ne daban, kuma amsarmu ita ce ku haske fili.

Ta farkon ita ce gasar mita 10 da bindigar iska, wadda hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedkwata a Munik ta Jamus, ta tsara dokokinta. Kowa yana tsaye a gurbinsa, faɗin gurbi mita 1, ba mai motsawa. Harsashin ɗan dalma ne mai kaurin milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram. Tsakiyar takardar saiti tana tsayin mita 1.40 daga ƙasa. Ta biyun kuwa ta fito ne daga gasannin ƙaramar bindiga mai albarushi irin na ƙungiyar masu harbi ta IDPA, da aka kafa a Amurka a 1996: mutum ɗaya yake shiga, yana tafiya daga wuri zuwa wuri, yana haska abin harbi, agogo na ƙirga masa daƙiƙa.

Babban bambancin yana wajen idon alƙali. A fili mai haske, alƙali ɗaya da mataimakinsa suna ganin bakin bindiga shida a lokaci guda, suna ganin yatsan da ya hau kunama kafin a ba da umarni, suna ganin zaren nan mai launin lemo da ake zurawa cikin bututun bindigar iska don kowa ya san ba komai ciki. A duhu duk wannan ya ɓace. Dokar da ke hana bakin bindiga juyowa baya tana nan, amma wa zai ga an karya ta? Shi ya sa masu yin gasar duhu suke sa alƙalai biyu bayan mai harbi ɗaya, su ɗaura wa kowa ƙaramar sanda mai ƙyalli a hula ko a baya, su ƙirga mutane da suna kafin kowane harbi, don kada a bar mai liƙe ramuka a bayan allo. Wani kuskuren da ake yi shi ne mutum ya miƙa hannun da ke riƙe da tocila gaban bakin bindigarsa, ko ya yi tuntuɓe yatsansa na kan kunama. Ƙungiyar da ba ta daɗe tana yin irin wannan gasa da rana ba, ba ta da hujjar fara ta da dare.

Sai maganar haske, inda masu shiri suka fi yin kuskure. Dokar ISSF ta ce hasken da ke kan takardar mita 10 kada ya gaza lukus 1,500, kuma ana son sauran wurin ya samu kamar 500. Lukus ɗaya shi ne lumen ɗaya, wato ma'aunin hasken da fitila ke fitarwa, a kan murabba'in mita ɗaya, don haka lissafin ba wuya. Gurbi shida, faɗi mita 6, tsawo mita 12, murabba'i 72 ke nan. A ninka da 500, ana neman lumen 36,000. Fitilar LED mai wat 50 tana ba da wajen 4,500 zuwa 5,000 in mai kyau ce. A takarda takwas sun isa, amma a fili marar rufi haske yana zubewa gefe, ku sa goma sha biyu. Kowace takarda kuma da ƴar fitilarta mai wat 5 zuwa 10, da murfin kwano ta gefen mai harbi. Manyan fitilun su kasance sama da kai kuma bayan masu harbi, suna kallon gaba. Fitila ɗaya da ta kalli fuska ta isa ta ɓata zagaye, domin ido yana tsukewa, baƙin da'irar da ke tsakiyar takarda ya dushe. Ku auna kowane gurbi da na'urar awon haske. In na ɗaya ya fi na shida haske, an yi rashin adalci tun kafin a fara.

Duka kayan ba su kai wat 700 ba. Kada ku dogara da wutar gari kaɗai. Batir biyu masu bolt 12, kowanne amfiya-awa 200, za su riƙe wannan kusan awa uku in ba a zuƙe su fiye da rabi ba, kuma sun fi gurup, wato janareta, wanda ƙararsa ke danne muryar alƙali. Ko da wanne, a rataye fitilar caji biyu a kunne tun farko, a kuma faɗa wa kowa: wuta ta ɗauke, yatsa ya sauka, bindiga a kan tebur bakinta gaba, ba mai ɗaga ƙafa sai an yi umarni.

Harbin duhu ba ya cin wuta haka, gaskiya ne, amma yanayinmu ba ya yi masa daɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana mayar da hasken tocila fuskar mai ita, ga hayaƙin albarushi a kai. Ido kuma yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, mota ɗaya ta shigo da fitila ta rushe wannan. Fili mai haske shi ma yana da tasa damuwar da damina: ƙwari da shinge suna taruwa kan takarda. A kafa wata fitila mai ƙarfi can gefe, a kunna ta tun magariba ta janye su.

Lokaci ma ku lissafa. Cikakkiyar gasa harbi 60 ce cikin minti 75 a allon saiti na lantarki mai ƙirga maki da kansa, bayan minti 15 na gwaji. Da mutum 18 a gurbi shida, zagaye uku zai kai ku tsakar dare ya wuce. Ku rage zuwa harbi 30, awa ɗaya kowane zagaye har da canjin takardu. A fara takwas da rabi bayan isha'i, a tashi sha ɗaya da rabi.

Bayan takardu a sa akwatin ƙarfe mai kama harsashi, bayansa buhunan yashi da katanga. Taya da katako mai tauri suna dawo da harsashin iska, don haka kowa ya sa tabarau, a kuma wanke hannu da sabulu kafin shayi saboda dalma.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne inda muke. A jihar da mutanen Madarumfa da Gidan Rumji suka san abin da ƙarar bindiga da dare take nufi, ba daidai ba ne a firgita unguwa saboda wasa. Bindiga mai albarushi sai da izinin hukuma, a filin da hukuma ta amince da shi. Ko ta iska ce, wadda ƙararta ba ta wuce tafi ba, ku kai takarda ga ƴan sanda da mai unguwa kwanaki kafin ranar, da wuri da lokaci da sunayen masu harbi, kuma kowa ya ɗauko bindigarsa a cikin jaka, ya mayar da ita a cikin jaka.