CSS ko WebGL: wanne za ka ɗauka don 3D a shafinka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko CSS (yaren tsara kamannin shafin intanet) kaɗai ya isa, ko dole sai WebGL (fasahar zana siffofin 3D a cikin burauza), tunda kana so katin kaya ya riƙa kifewa ya nuna bayansa, kuma mai saye ya iya jujjuya takalmi ta kowane gefe. Ai ayyuka biyu ka haɗa a tambaya ɗaya.

Katin dai bar wa CSS. Duk abin da yake juyawa shimfiɗaɗɗe ne kamar takarda, zurfin na ido ne kawai. Ka sa perspective a kan akwatin waje, transform-style: preserve-3d a kan katin, rotateY(180deg) idan an taɓa shi, sai backface-visibility: hidden ya ɓoye bayan kowace fuska. Shi ke nan, babu abin saukewa. Abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne rubutun katin bai daina zama rubutu ba: ana kwafarsa, maɓalli yana dannuwa, manhajar da ke karanta wa makafi shafi tana gane shi. Tarko ɗaya ne ke yawan kama sababbin hannu. Idan overflow: hidden ko opacity ƙasa da 1 ya hau kan akwatin da ke ɗauke da preserve-3d, zurfin ya baje ke nan, mutum ya yi ta neman kuskure inda babu shi.

Takalmi kuwa yana da lanƙwasa, yana son haske da inuwa, CSS bai san waɗannan ba. Nan ne WebGL ke shigowa. Ƙungiyar Khronos ta fitar da shi a 2011 bisa OpenGL ES 2.0 (wata ƙa'idar zane ta wayoyi da ƙananan na'urori), yana haɗa siffa ta hanyar zana dubban alwatika a kan canvas, wato filin zane na cikin shafi, da ƙarfin katin hoto na na'ura. Rubuta shi tsagwaronsa wahala ce, har da shader (ƙaramin shirin da ke lissafa siffa, launi da haske) a yaren GLSL, shi ya sa jama'a ke bi ta Three.js, tarin shiryayyun umarni mai sauƙaƙa aikin WebGL, wanda Ricardo Cabello ya fitar a 2010: ka loda takalmin a fayil ɗin glTF (nau'in fayil na siffofin 3D), ka kafa kyamara da fitila.

Amma da tsadarsa. Yana ƙara wa shafi nauyi, yana shan batir, ƙaramar waya ta ɗau zafi, kuma duk abin da ke cikin canvas zane ne kurum. Ni da ni ne, hoton takalmin zan fara nunawa, Three.js ba zai lodu ba sai mai saye ya danna "juya shi".